Zanen layuka da murabba'ai: daga ina ya fito, kuma yaya zai zauna a falo?

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Kaduna. Ta ce sun kusa tarewa a sabon gida, kuma a wani otal a Abuja ta ga wani zane da ya tsaya mata a rai: farin fili, baƙaƙen layuka a tsaye da a kwance, babban murabba'i ja, sai ɗan shuɗi da ɗan rawaya a gefe. Babu mutum, babu dabba, babu ko itace. Maigidanta ya ce mata wannan ai ɗansu na firamare ma zai yi shi in an ba shi rula. Tana son sanin asalin irin wannan zane, ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ya kamata Musulma ta guda, da kuma yadda za ta sa shi a falo ba tare da ya zama abin dariya ba.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a.

Abin da kika gani kwafin aikin Piet Mondrian ne, ko na wani da ya bi sawunsa. Mutumin ƙasar Holan ne, an haife shi a 1872, ya rasu a New York a 1944. Kafin in ce komai a kan falonki, bari in fara da maganar maigida, don ba shi kaɗai ke faɗin ta ba, kuma a cikin amsarta ne duk shawarar da zan ba ki take.

Mondrian ya iya zane irin wanda kowa ke yarda zane ne. Ya shafe shekaru yana zana gonaki da koguna da injinan niƙa masu farfela na ƙasarsu. Tsakanin 1908 da 1912 sai ya kama itace ɗaya ya yi ta maimaita shi. A na farko kina ganin itacen sarai, ja ne a kan shuɗin sama. A na 1911 launi ya tafi, sai rassa masu ruwan toka sun sarƙe da juna. A na 1912 in ba a faɗa miki ba, ba za ki ce itace ba ne, gajerun layuka ne masu lanƙwasa. Haka ya yi ta ragewa har wajen 1920 ya tsaya a kan abin da kika gani: layi a tsaye, layi a kwance, launuka uku, wato ja da rawaya da shuɗi, sai fari da baƙi da ruwan toka. Kusan shekara hamsin yake da ita lokacin da ya iso nan.

Akwai wani zanensa na 1930 da ke gidan adana zane na birnin Zurich, wanda nake zaton kwafinsa ne a otal ɗin. Ƙarami ne, bai kai rabin mita ba ta kowane gefe. Jan murabba'in ya cinye sama da dama, fiye da rabin zanen. Shuɗin yana can ƙasa ta hagu, rawayar kuwa ɗan tsito ce a ƙasa ta dama, kamar za ta faɗo daga gefe. Ta fuskar lissafi ya kamata zanen ya rinjaya ɓangaren jan, amma in kika tsaya gabansa a zaune yake daram. Kamar mai awo ne da ya ɗora buhun auduga a gefe ɗaya na sikeli, ya sa ɗan dutsen awo a ɗaya gefen, suka yi daidai. Baƙaƙen layukan kaurinsu ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani, kuma da wannan ɗan bambancin yake ƙara nauyi inda ake buƙata. In kika matsa kusa da ainihin ayyukansa za ki ga sawun burushi, ki ga farin ma ba iri ɗaya ba ne daga wannan gida zuwa wancan. Ki ba Alhaji rula da takarda wata rana da yamma ya gwada. Zai fitar da layuka, ba shakka, amma abin zai fito kamar tagar ƙarfe ko jadawalin makaranta. Na sha ba ɗalibai wannan aikin, kuma kusan kowa tsakiya yake nufa, ya raba filin biyu daidai, daga nan zanen ya mutu.

Ba Mondrian kaɗai ba ne. A wancan ƙarshen Turai, a watan Disamba na 1915, Kazimir Malevich ya baje ayyukansa a birnin Petrograd na Rasha, cikinsu har da baƙin murabba'i ɗaya tal a kan farin fili, faɗinsa kusan santimita 80. Abin da ya tayar da ƙura har da inda ya rataye shi: can sama a kusurwar ɗaki, daidai wurin da Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan waliyyansu a gida. Zanen yana Mosko har yau, fentin ya tsattsage, ana hango wasu launuka a ƙarƙashinsa. Akwai kuma Wassily Kandinsky, shi ma ɗan Rasha, wanda ya koyar a Bauhaus, wata makarantar koyon zane da ƙira ta Jamus, daga 1922. Nasa ya fi hayaniya: da'irori, alwatika, layuka suna ratsa juna kamar tartsatsi. Shi ne ya raba wa mutanen makarantar takardar tambaya a 1923, ya ce kowa ya zaɓa wa alwatika da murabba'i da da'ira launin da ya dace da su, shi kuwa ra'ayinsa alwatika rawaya, murabba'i ja, da'ira shuɗi.

Abin da ya fi shafar tambayarki shi ne, mutanen nan tun farko ba su ɗauki aikinsu a matsayin hoton da za a kulle a firam kawai ba. Ɗaki suke so su canza, da kujera da tufafi da butar shayi. Malevich da kansa ya tsara butar shayi ta tangaran a 1923. Ɗakin aikin Mondrian a Faris ya shafe shi da farin fenti, ya riƙa manna kwalaye masu launi a bango, yau ya matsar da wannan, gobe ya ɗaga wancan, har ɗakin ya koma zane da mutum ke kwana a cikinsa. Ko furen roba da ya ajiye a bakin ƙofa sai da ya shafe ganyensa da fari, don kada kore ya shigo masa.

Kuma mata ne suka fi kai abin cikin gida, duk da sunayen maza aka fi ji. A 1911 wata mai zane, Sonia Delaunay, ta ɗinka wa jaririnta bargo a Faris da guntayen yadi masu launi daban-daban, irin yadda ta ga matan karkara na yi a ƙasar da ta fito. Da ta shimfiɗa shi ta ga siffofin sun yi magana da juna ba tare da sun kwaikwayi komai ba, daga nan ta kai salon kan zane, da riguna, da yadin kujeru. Wannan bargon jariri yanzu yana gidan adana kayan tarihi. A Mosko, Liubov Popova da Varvara Stepanova suka shiga masana'antar buga yadi a 1923 suna tsara zanen da talaka zai saya ya ɗinka. A Bauhaus kuwa sashen saƙa na mata ne, Gunta Stölzl da Anni Albers suna fitar da darduma da labule. Saboda haka in kika sa wannan salo a filon kujera ko shimfiɗa, ba ki wulaƙanta shi ba, kin mayar da shi inda ya fito ne.

Gidan da ya fi kowane nuna yadda abin yake in an bi shi har ƙarshe yana birnin Utrecht na Holan. Gerrit Rietveld, kafinta ne asalinsa, ya gina shi a 1924 tare da mai gidan, Truus Schröder, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Benen sama ba shi da bango tsayayye a ciki, allunan katako ne da ake turawa, da rana fili ɗaya, da dare ɗakuna. Mafi yawan gidan fari ne da ruwan toka, launin yana zuwa ne ɗan kaɗan, a jikin ƙarfe ɗaya ja, a gefen taga rawaya. Ta zauna a cikinsa har rasuwarta a 1985, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000.

Sai dai akwai inda aka zarce. A birnin Strasbourg na Faransa, tsakanin 1926 da 1928, Theo van Doesburg da Sophie Taeuber-Arp da mijinta Hans Arp suka ƙawata wani babban gidan shaƙatawa mai suna Aubette, bango da silin duk manyan siffofi masu launi. Masana zane suka yaba, masu zuwa shan shayi kuwa suka ce wurin ba ya zaunuwa. Cikin kusan shekara goma aka rufe aikin baki ɗaya, sai bayan shekaru masu yawa aka dawo da wani ɓangarensa. Ina ba duk wanda ya ce min yana so a yi masa bango huɗu haka wannan labarin.

Batun addini kuma, ni ba malami ba ne, amma abin da aka sani shi ne wanda aka yi magana a kansa hoton abu mai rai ne. Akwai hadisin da wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Murabba'i da layi ba su da rai, shi ya sa irin wannan zane ya fi sauƙin shiga gidajenmu a kan yawancin zanen Turai. Abu biyu zan ƙara don kada in ɓoye miki. Mondrian ya shiga wata ƙungiyar masu neman sirrin ruhi da ake kira Tiyosofi a 1909, kuma yana ganin layin tsaye da na kwance a matsayin ginshiƙan halitta biyu masu gaba da juna. Wannan tunaninsa ne, ba alamar ibada ya zana ba, ba kuma wanda ke bauta wa zanen. Na biyu ya fi muhimmanci a kasuwa: cikin ayyukan Malevich akwai baƙin gicciye, kuma masu sayar da kwafi a intanet sukan haɗa shi da baƙin murabba'i da baƙar da'ira su sayar uku a jere. Ki duba abin da kike oda. In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki nuna wa malaminku hoton.

Za ki ji wasu na cewa ai Turawan nan daga wurinmu suka ɗauka, tunda muna da zanen bango a Zariya da Kano da Damagaram, da zayyanar Alƙur'ani, da aska takwas a gaban riga, da faifai. Gaskiya mu ma mun daɗe muna ado da siffofi ba tare da hoton mai rai ba, kuma idonmu ya saba da su. Amma hanyar kowa daban, kuma sanin bambancin zai yi miki amfani. Adonmu yana son maimaici da daidaito: abin da ke dama shi ke hagu, dagi yana zagayawa ya koma inda ya fara, fili ba a barin sa fayau sai an cike. Na Mondrian kuwa gudun maimaici yake, kuma farin filin da aka bari shi ne rabin aikin. Wannan ne ya sa yake wahalar zama a falonmu. Falon Bahaushiya yana son cika: labule mai ninki uku, kujeru masu sassaƙa da ruwan zinare, kafet mai furanni, silin mai hawa-hawa da fitilu masu canza launi, ga kabad ɗin kwanuka. Ba laifi ba ne, kyansa ke nan. Amma in kika jefa Mondrian tsakiyar wannan, zai zama kamar baƙon da ya zo biki da kayan ofis.

To ga yadda nake yi wa masu irin buƙatarki.

Ki zaɓi bango ɗaya ki ba shi, ki bar masa shi. Kada agogo ya zauna kusa da shi, ko kalanda, ko hoton yaye ɗalibai. Bangon ya zama fari, ko ruwan madara mai haske, ko toka mai haske. Bango ruwan hoda ko kore shar yana kashe shi nan take. Zane ɗaya babba ya fi ƙanana biyar. In a saman doguwar kujera ne, faɗinsa ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsawon kujerar, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin ƙasan firam da kan kujera. In bangon ba komai a ƙasansa, tsakiyar zanen ta kasance wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, wato daidai idon mutum a tsaye. Masu rataye mana kaya suna son kai komai kusa da silin, ki tsaya a kansu. Ni ma har nakan ɗan ƙara saukar da shi a gidajen da aka fi zama a kan kafet, don wanda ke zaune a ƙasa in zane ya yi sama da yawa sai ya ɗaga wuya kamar mai duban wata.

Daga nan ki ɗauki launi ɗaya daga cikin zanen, ɗaya kawai, ki maimaita shi sau biyu ko uku a ɗakin: filon kujera ja guda biyu, ko tulun ado ja a kan teburi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaso duka ukun, labule shuɗi, kujera ja, kafet rawaya, sai falon manya ya koma ajin rainon yara. Ki tuna gidan Utrecht, launin kaɗan ne a cikin fari mai yawa.

Kayanmu na gida suna zama da shi lafiya in aka zaɓa da kyau, wani lokaci ma sun fi kayan kanti dacewa. Bargon luru mai fari da shuɗi, da aka saƙa ƙwarya-ƙwarya aka haɗa, layukansa a miƙe suke, in kika yafa shi a hannun kujera kamar don zanen aka yi shi. Tabarmar kaba marar rini, ko tukunyar ƙasa, ko tumtum na fata mai launi ɗaya, suna rage masa sanyin nan na ofis. Faifai masu launi kuwa ki ba su nasu bangon a wani wuri, kada su yi kishi. In kuma kin riga kin sayi kujeru masu ado da labule mai nauyi, ba sai kin sayar ba. Ki bar Mondrian, ki nemi da'irorin Sonia Delaunay ko na Kandinsky, su sun saba da cunkoso, ko ki kai zanen ɗakin cin abinci ko saman matattakala inda ba kaya.

Batun samun sa. Ainihin ayyukan sun fi ƙarfin aljihu, wani na Mondrian an sayar da shi dala miliyan 51 a 2022, na Malevich kuma sama da dala miliyan 85 a 2018. Kwafi ake saya, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da zan hana ki shi ne a buga miki shi a kan ledar nan da ake fastar 'yan siyasa. Tana ƙyalli, jan yana komawa ruwan lemo cikin 'yan watanni, farin kuma ya yi dauɗa. A buga a kan yadin zane ko takarda mai kauri marar ƙyalli, daga hoto mai nauyi, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, don shi layukan za su fito da haƙora. Firam siriri, baƙi ko fari ko katako tsura. Firam mai ruwan zinare da furanni ba nasa ba ne, Mondrian kansa siraran katako yake sa wa nasa, yana tura su baya don zanen ya fito gaba.

Abin da na fi so, in da hali, ki sa mai zane ya yi miki da hannu. Akwai matasa da suka karanta zane a jami'o'i da kwalejojinmu da za su yi miki sabo wanda aka auna da bangonki, ba kwafin kowa ba, kuma sawun burushi yana ba shi rai da inji ba ya bayarwa.

Wasu kan so a zana shi kai tsaye a jikin bango. Ana yi, amma miƙaƙƙen layi ba ya rufa wa magini asiri, duk inda filasta ta yi tudu ko kwari sai ya nuna. Na taɓa shiga wani gida da mai fenti ya yi da fentin mai, ya bar salatif ɗin ya kwana biyu kafin ya ɓare. Da ya ja, sai ya taho da fentin ƙasa, gefen kowane layi ya zama kamar bakin zarto, ga shi da rana in haske ya bugi bangon sai ƙyalli ya hana ka ganin komai. Sai da aka kankare aka sake. In za a yi, a fara gyara bangon ya yi sumul, a yi amfani da fentin ruwa marar ƙyalli, a auna layukan da abin awon magina ba da ido ba. A manna salatif na takarda a danne shi sosai, a fara shafa farin bangon a gefensa don ya toshe kafofin, in ya bushe sannan a sa baƙin, a ɓare tun fentin bai gama bushewa ba. Kafin duk wannan ki yi irin ta Mondrian: ki yanka kwalaye masu launi ki manna a bangon, ki zauna da su mako guda kina matsar da su, har sai kin daina jin akwai abin da ke damun idonki.

Ki kula da haske. Ƙwai mai hasken rawaya yana haɗiye rawayar zanen ya dusashe shuɗin, fitilun silin masu canza launi kuma ba a magana. Farin haske mai laushi ya fi. Kada ki rataye shi inda ranar yamma ke faɗa masa kai tsaye, don ja ne ke fara koɗewa. Ga kuma hunturu: zane mai farin fili da yawa ƙura tana nunawa a kansa fiye da kowane. In takarda ce a sa mata gilashi, in yadi ne a riƙa kaɗe shi da busasshen burushi mai laushi, kada mai aiki ta kai masa jiƙaƙƙen tsumma.

Da zarar an kawo miki shi, ki juya bayansa ki rubuta “sama” da kibiya. Akwai wani aikin Mondrian da ya yi da salatif masu launi, yana wani gidan adana zane a Düsseldorf ta Jamus. A 2022 wata jami'ar gidan ta gano cewa tun 1945 a kife ake rataye shi, ƙasa a sama, shekara saba'in da wani abu masana na wucewa ta gabansa. Kuma suka bar shi a hakan, don salatif ɗin ya saki, in aka juya shi zai iya zubewa.